Ƙirar Kakuri: Fijo 504 da Masu Ƙaunar Tsofaffin Motoci

Akwai mutanen da ko suna kishingiɗe a ɗaki, idan Fijo 504 ta wuce a titi sun san ita ce, ba sai sun leƙa ba. Injinta yana da wani gurnani nasa idan direba ya fita daga giya ta biyu zai shiga ta uku, ƙofarta kuma idan aka rufe tana ba da wata ƙara mai nauyi da ba a ji a motocin yanzu. Ina cikin waɗannan mutane. A wajen kawuna na samo wannan kunne, ƙanen mahaifiyata, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan wagon daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Shi ya koya mini cewa direban kirki da kunne yake tuƙi kafin ido. Yau masu irin wannan kunne muna raguwa, motar kuma ta fi mu saurin ƙarewa, a daidai lokacin da a wasu ƙasashe ake nemanta ruwa a jallo.

Ɗabi'ar ƙaunar tsofaffin motoci tana da nata tarihin, kuma a Ingila ta fara tsayawa da ƙafafunta. Dokar da aka yi can a 1865 ta ɗaure duk abin hawa mai inji: kada ya wuce mil 4 a awa a bayan gari, mil 2 a cikin gari, kuma dole wani ya riƙa tafiya a gabansa riƙe da jar tuta. Da aka sassauta a 1896 aka ɗaga gudun zuwa mil 14, masu motoci suka yi jerin gwano daga Landan zuwa Brighton da ke bakin teku ranar 14 ga Nuwamba, don murna. A 1927 aka farfaɗo da wannan tafiya, amma da tsofaffin motoci zalla. A lokacin babu mai ganinsu da gashi. Da yawansu suna yashe a rumbunan gona da bayan gareji, 'yan kallo ma dariya ce ta fito da su. Sai a 1930 wasu daga cikin mahalarta suka kafa ƙungiyar Veteran Car Club, suka shiga tantance shekarar kowace mota da adana bayananta. Har yau ana yin tafiyar a farkon watan Nuwamba, daga Hyde Park, nisan kimanin mil 60, kuma ba a karɓar motar da aka ƙera daga 1905 zuwa sama.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin nan shi ne lokacin da mutanen suka motsa. Kowace mota tana da wasu shekaru da ta fi shiga haɗari: an gama yayinta, ba a kai ga fara marmarinta ba. A wannan tsakanin ake fasa ta a sayar da ƙarfen. Mutanen 1927 a wannan gaɓar suka tari motocinsu, shi ya sa jikokinsu suke da abin gani. Daga baya abin ya bazu ya yi tsari. A 1966 aka kafa FIVA, ƙungiyar duniya ta masu adana tsofaffin ababen hawa, wadda a ma'auninta sai mota ta kai shekara 30 take shiga sahun na tarihi. A 1976 aka fara bikin baje kolin Rétromobile a birnin Paris. A 1988 kamfanin Peugeot ya buɗe gidan tarihinsa a Sochaux, garin da babbar masana'antarsa take. Idan aka bi ma'aunin nan na shekara 30, duk wata 504 da ta fito kafin tsakiyar shekarun 1990 ta riga ta zama kayan tarihi, ko tana ɗaukar itace a ƙauye ko tana kwance a bayan katanga.

An fito da 504 a Faransa a watan Satumba na 1968, bayan yajin aiki da tarzomar watan Mayu na shekarar sun jinkirta ta. Kamfanin Pininfarina na Italiya yana da hannu a zanen jikinta, da fitilun nan masu kusurwa da but mai ɗan karyewa ta baya. A 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara ta Turai. Wagon ta biyo baya a 1971. Amma a hanyoyin Afirka ta yi suna na gaske. Yayarta, 404, ta riga ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A 1975 Ove Andersson ɗan ƙasar Sweden ya ci Safari da 504, Hannu Mikkola ya ci gasar Maroko da ita, aka kuma ci ta Bandama a Kodebuwa da ita, duk a shekara guda. Waɗannan gasanni a laka da burji da yashi ake yinsu, irin hanyoyin da direbobinmu suke bi kullum ba tare da an ba su kofi ba.

A Najeriya, 403 da 404 ne suka share mata fage. Tsofaffin direbobi har yau suna yabon a-kori-kurar 404 mai giya a jikin sitiyari. Sannan ranar 2 ga Afrilu 1972 aka yi canjin hannu, ƙasar ta koma tuƙi ta dama kamar Nijar da sauran maƙwabta, motocin Faransa masu sitiyari a hagu suka zama su ne daidai da titi. A ƙarshen wannan shekarar aka yi rajistar kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da Faransawa, kuma a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, masana'antar ta fara harhaɗa motoci a Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna, kusa da masaƙu. Ita ce shekarar da jiragen siminti suka cushe tashar ruwa ta Legas, jirgi ya yi watanni bai sauke kaya ba. Don haka sassan motar ta sama aka riƙa kawo su: jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suna tasowa daga Lyon su sauka a filin jirgin Kano, daga nan manyan motoci su kwashe zuwa Kaduna. Mota ce da ta zo ƙasar nan a jirgin sama gunduwa-gunduwa, hannun 'yan ƙasa ya haɗa ta.

Ba ita kaɗai ba ce a wancan zamani. Akwai Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, da ANAMMCO mai manyan motocin Marsandi a Enugu. Amma babu wadda ta shiga gidajen mutane kamar ta Kakuri. Kuɗin mai sun shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo aljihun ma'aikata a 1975, ga bashin mota da gwamnati take ba wa wanda ya kai wani mataki. Malamin sakandare da jami'in gona da akawun banki duk suka iya shiga layi. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, 504 ta zama motar hukuma tun daga sama har ƙasa. Ita ce ta kwamishina, ita ce ta 'yan sanda, ita ce ta ɗaukar marasa lafiya, ita ce kuma ta kai amarya. A shekarun da kasuwa take ci, dubun-dubatar motoci ne suke fita daga ƙofar masana'antar a shekara. Mutum yana iya sanin matsayin maƙwabcinsa daga haruffan da ke bayan but: GL ce, GR ce, ko SR.

Me ya sa ta dace da mu haka? Amsar tana ƙarƙashinta. Tana da tsayi daga ƙasa, sifirin ɗinta da shokozoba suna da dogon wasa, sai ta shanye rami ba tare da ta jijjiga na ciki ba. Tayoyin baya ne suke ja, farfela kuma tana cikin wani bututun ƙarfe da ke kare ta daga dutse da yashi. Injin silinda huɗu ne, a kishingiɗe yake gefe guda, da fili ta ko'ina da hannu zai shiga. Kwanson da fistin yake hawa da sauka a cikinsa ana zare shi a sa sabo, don haka inji ɗaya ana iya sabunta shi sau da yawa ba tare da an kai shi wajen injin gundura ba. Babbar cutarta a Turai tsatsa ce, saboda damshi da gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. A busasshiyar iskarmu wannan cuta ba ta da ƙarfi sosai. Abin da take tsoro a nan shi ne zafi: duk wanda ya yi sakaci da lagireto da fanbel, gasket zai ƙone masa a tsakiyar hanya.

A kan wannan sauƙin nata aka gina sana'a guda. Bakanike zai kwance kafireta a kan buhu a gindin bishiya, ya wanke da fetur, ya busa jet da bakinsa, ya mayar. Zai goge kwantak da sanfefa, ya saita wuta da kunne. Mai lagireto yana gefe da dalmarsa, mai gyaran bodi yana can da gudumarsa, mai ɗinkin kujera yana da kwalin da ya yanka daidai da kujerar gaba da ta baya. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano babu abin da za a nema na Fijo a rasa, sabo ko na hannu. Na taɓa tambayar kawuna, lokacin da abokan aikinsa suka fara sauya mota: "Kawu, don me ba za ka sayar da ita ka sayi ta zamani ba?" Sai ya ce, "Ɗana, wannan ko a dokar daji ta tsaya mini, da sifana da ɗan guntun waya zan tashe ta. Waccan kuwa sai an nemo mai kwamfuta." Na ga ranar da tankin mai ya tsage masa bayan Jibiya, ya murza sabulu ya toshe, muka isa Maraɗi lafiya.

A tasha, wagon ce sarauniya. Biyu a gaba, huɗu a tsakiya, uku a kujerar baya inda gwiwa take haɗuwa da haɓa, kaya kuma a but har sai an ɗaure murfin da igiya. Ɗan kamasho yana kiran gari yana cewa saura mutum ɗaya, fasinja yana cinikin kuɗin buhunsa, direba yana zagaya motar yana dukan taya da ƙafa. Wanda yake sauri ya biya kuɗin kujera biyu, mai hali ya ɗauki shata. Ɗaliban jami'a, 'yan kasuwar Kantin Kwari, mata masu zuwa biki, almajirai masu komawa gida da damina, duk a cikinta suka san hanyoyin arewa.

Ta ɓangaren Nijar kuwa, wata hanya dabam motar ta biyo. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sun mayar da abin sana'a: su sayi tsohuwar 404 ko 504 da araha a Faransa, su haye da ita a jirgin ruwa zuwa Aljeriya, su biyo ta Ghardaïa da In Salah da Tamanrasset, su ratsa yashi zuwa In Guezzam da Assamaka, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, su koma gida a jirgin sama da kuɗin. Waɗanda suka kafe a yashi aka bar gawarwakinsu a hanya, waɗanda suka tsallake suka zama motocin haya a Tawa da Maraɗi da Damagaram. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 ne suka rufe wannan hanya. Wannan kwasa, tare da tsatsa, ita ta sa wagon da a-kori-kura masu lafiya suka yi wuyar samu a ƙasar da ta ƙera su.

Faransa ta daina yin salun ɗin 504 a 1983. Kaduna kuwa sai da ta ƙara shekara ashirin da ɗoriya tana fitar da ita, har zuwa samfurin nan na Bestline, ita ce kuma ta riƙe ta har ƙarshe bayan Ajantina da Kenya sun ajiye. Jimillar da aka ƙera a duniya ta haura miliyan uku. Amma tun 1986 ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashinta. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, wadda a da take kafaɗa da kafaɗa da dala, ta koma wajen naira huɗu a dala ɗaya. Sassan da ake shigowa da su suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai 'yan Kwatano suka cika kasuwa da motocin hannu daga Beljiyam da Jamus. A tasha, Golf da Sharon da Homa suka ture wagon zuwa layin ƙauye, daga nan zuwa dakon itace da gawayi. A 2006 gwamnati ta sayar da kasonta na PAN ga 'yan kasuwa.

To ga mu yanzu a gaɓar da mutanen Ingila suka tsaya a 1927. Masu ƙaunar 504 suna nan, ko da yake ban san suna da wata ƙungiya ko rajista ba. Na san wani tsohon ma'aikacin gwamnati da yake riƙe da SR ɗin da ya saya da bashin mota, ranar Juma'a kaɗai yake fito da ita, kuma duk inda ya tsaya sai dattawa sun kewaye ta kowa yana ba da labarin tasa. Na ga samari da ba a haife su ba lokacin da take tashe suna ɗaukar hoto a jikinta suna sakawa a Facebook. Amma 'yan gwangwan sun fi su sauri. Su da sikeli suke zuwa, su yi wa mota kuɗi a kan kilo, su yanka ta da wuta, a loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe. Magada da yawa sun sallama motar mahaifinsu a haka don a samu wurin gina shago. Ban ga laifin mai neman abinci ba, amma abin da aka narka ya tafi ke nan.

Akwai wani bambanci da ya kamata mu riƙe. Mai tara motoci a Turai abin da ya fi daraja a wurinsa shi ne motar da ba a taɓa ba: fentinta na asali, lambar injinta ta dace da takarda, tafiyarta kaɗan. Idan muka ɗauki wannan ma'auni yadda yake, kusan duk namu za su faɗi, domin tamu 504 da sauye-sauye ta rayu. An ƙara mata sifirin don ta ɗauki kaya, an sa mata babban lagireto, injinta na uku ne, kujerunta ɗinkin Panteka ne. A wurina waɗannan su ne tarihin. Kowane walda a jikinta shaida ce ta wani bakanike da ya warware matsalar da injiniyan Sochaux bai taɓa tunaninta ba. Darajar tsohuwar mota daga labarin da take ɗauke da shi take fitowa. A 2011 an yi gwanjon farar 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmoud Ahmadinejad, aka saye ta kusan dala miliyan biyu da rabi, alhali ƙarfenta bai fi na wadda ke bayan gidanku ba. Mu ma mun san wannan: baƙar Marsandin da aka harbi Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da hujin harsasai a jikinta. Waccan don baƙin ciki aka ajiye ta. Ya kamata a samu wadda aka ajiye don aikin da ta yi.

Wani zai ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ya kuma tuna mini cewa wagon ɗin nan ta ci rayuka da yawa a hanyar Kano zuwa Kaduna, ga hayaƙi, ga shan mai, ga rashin kariyar da motocin yanzu suke da ita. Gaskiya ne, kuma ba na fatan a mayar da ita tasha ta ɗauki mutum tara. Abin da nake nema ƙarami ne. A samu wuri a Kaduna a ajiye salun ɗaya, wagon ɗaya, a-kori-kura ɗaya da motar asibiti ɗaya, dukkansu ƙirar Kakuri, kowace da takardunta da labarin wanda ya ja ta. A zauna da tsofaffin ma'aikatan masana'antar da makanikan Panteka da Ƙofar Ruwa a naɗi bayaninsu tun suna da rai, domin iliminsu ba ya cikin kowane littafi. Masu motocin su san juna, su riƙa musayar sassa, kuma sau ɗaya a shekara su jera daga Kakuri zuwa Zariya, tafiyar da ba ta kai ta Landan zuwa Brighton wahala ba.

Kai kuma da Allah ya sa akwai guda a gidanku, kafin ka kira mai sikeli ka dakata. Ka ɗora ta a kan bulo don tayoyi su huta, ka cire batir, ka zubar da tsohon mai da ruwan lagireto, ka rufe ta daga rana da ruwan sama. Ka nemo takardar saye da katin rajista ka adana su wuri guda, ka tambayi manya su gaya maka inda ta je da waɗanda ta ɗauka, ka rubuta. Kuɗin da ɗan gwangwan zai ba ka ba za su kai ƙarshen wata ba, masana'antar da ta haɗa ta kuma ba za ta sake yin irinta ba.